Yadda gwajin ƙwayoyin halitta ke sauya zaɓen bijimi

Makiyayin da ya ware bijimi don barbara ba ya sanin ko ya dace sai bayan shekara biyar ko shida, lokacin da 'ya'yansa mata suka haihu aka fara tatsarsu. In nonon bai taka kara ya karya ba, garke ya riga ya cika da jininsa.

Wannan dogon jira ne ilimin ƙwayoyin halitta ya rage. A 2009 masana suka wallafa cikakken tsarin DNA na saniya, wato ADN da Faransanci, kuma a shekarar Amurka ta fara tantance shanun madara a hukumance da wannan hanya. Ana tsige gashin wutsiyar maraƙi ko a ɗan yanki fatar kunnensa. A ɗakin gwaji, na'ura na karanta alamomi kusan 50,000, a kwatanta su da na dubban shanun da aka daɗe ana rubuta yawan nononsu da lafiyarsu. Tun maraƙin yana tsotso za a iya hasashen abin da zai gadar.

Sai dai gwajin ba ya aiki in babu bayanan da za a kwatanta. Lissafin da aka gina kan Holstein ta Turai ba ya faɗin gaskiya a kan Azawak ta Nijar ko Gudali ta Adamawa. Shi ya sa rajistar da ake ajiyewa a tashoshi irin su Tukunus, kusa da Filinge, inda aka shafe shekaru da dama ana zaɓen Azawak, take da daraja. A Habasha da Tanzaniya, cibiyar ILRI tana tattara irin waɗannan bayanai daga ƙananan masu kiwo ta wayar salula.

Gwajin yana kuma nuna abin da za a iya rasawa. Shanun N'Dama suna jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa. Kuri na Tafkin Chadi, masu manyan ƙahoni marasa tozo, suna raguwa saboda cuɗanya da shanu masu tozo. Barbara da baƙon iri ba tare da tsari ba na iya ƙara nono, amma ta rage juriyar zafi da cuta.

Don haka matakin farko yana hannun makiyaya da ƙungiyoyinsu: lamba a kunnen kowace dabba, da littafin da ake rubuta uwa, uba, ranar haihuwa da litar nonon da aka tatsa.