Kalmar "run": Ba Gudu Kaɗai Take Nufi Ba

Tun a firamare aka koya wa yawancinmu cewa "run" gudu ne, daga nan aka wuce wurin. Shi ya sa ɗalibi kan yi sororo in ya ji mai karanta labarai ya ce wane "is running for governor". Ba inda mutumin ya ruga, takarar gwamna ya tsaya. Wanda zai yi masa mataimaki shi ne "running mate", in kuma ba a sami wanda ya lashe zaɓe ba aka je zagaye na biyu, to an shiga "run-off".

Su kansu masu harshen ta ba su wahala. A bugu na biyu na babban ƙamus na Oxford, wanda ya fito a 1989, kalmar "set" ce ke kan gaba da ma'anoni 430. Da Peter Gilliver, ɗaya daga cikin masu aikin ƙamus ɗin, ya zauna ya sake bitar "run", aikin da ya ci masa wata 9, sai a 2011 aka ji cewa ma'anoninta sun kai 645, a matsayinta na aikatau kawai. Zuwan injuna da kwamfuta ya ƙara mata kaya. Janareto in yana aiki, Bature zai ce "it is running". Haka famfo mai zuba, haka manhaja a waya, haka ma hancin yaro mai mura.

Bai kamata wannan ya tsorata Bahaushe ba, shi da ke cin tuwo, ya ci kasuwa, ya ci jarrabawa, ya ci bashi, wani lokaci har ya ci amana. Ba wanda ya haddace mana waɗannan a jere. Kalmar da ke biye da "ci" ita ke faɗa mana inda aka dosa. A ganina malamin da ke sa yara haddar ma'ana ɗaya tilo yana ƙwarar su.

Don haka in ka ci karo da "run", dubi abin da ke gefenta. In kanti ne ko makaranta, gudanarwa ake nufi. Ƙananan kalmomin da ke manne mata sun fi rikitarwa: "run out of fuel" mai ya ƙare ke nan, "run into" yin kiciɓis da mutum ko yin karo da abu, "run over" kuwa mota ce ta take wani.