Rabin awa da dolfin: me kuɗin ke saya?

A birnin Orlando na jihar Florida a Amurka akwai wurin shaƙatawa mai suna Discovery Cove, wanda kamfanin SeaWorld ya buɗe a shekarar 2000. Abin da ke jan jama'a can shi ne damar shiga ruwa tare da dolfin, a shafa bayansa, a ba shi kifi, a ɗauki hoto kusa da shi. A Dubai ma, inda 'yan kasuwarmu da iyalansu ke yawan zirga-zirga, otal ɗin Atlantis yana sayar da irin wannan damar tun da aka buɗe shi a 2008.

Kuɗin ba na wasa ba ne. A Discovery Cove tikitin mutum ɗaya yakan haura dala 200, ya ƙara tashi a lokacin hutun makarantu. Magidanci mai iyali biyar zai iya kashe dala 1,000, wato sama da naira miliyan ɗaya, kafin a zo maganar jirgi da masauki.

Shi kuwa zaman cikin ruwan kimanin minti 30 ne, kuma rukuni-rukuni ake shiga. Mai horarwa zai cinye wani ɓangare yana bayani, sauran lokacin a raba tsakanin mutanen rukunin, kowa ya sami 'yan mintoci. Ba a yarda mutum ya ɗauki hoto da wayarsa a lokacin ba. Ma'aikata ne ke ɗauka, kuma saye ake yi daban. Yaron da bai kai shekara shida ba ba ya shiga. Sai dai tikitin ya haɗa da abinci da abin sha na yini guda, da iyo cikin kifaye, da gidan tsuntsaye, kuma wanda ya haƙura da dolfin zai sami duk waɗannan a farashi mai sauƙi.

Wannan lissafin aljihu ke nan. Akwai kuma na dabbar kanta. Dolfin ba kifi ba ne. Haihuwa yake yi bayan ciki na kusan wata 12, uwa ta shayar da ɗanta, kuma iska yake shaƙa ta wata kafa a saman kansa. Da sauti yake gane hanya: yana fitar da ƙara, ta daki abin da ke gabansa ta dawo, ya san girman abin da nisansa. Kowane ɗaya yana da fito na kansa da 'yan'uwansa ke gane shi da shi. A 2001 masu bincike Diana Reiss da Lori Marino sun nuna cewa yana gane kansa a madubi, baiwar da dabbobi ƙalilan ne ke da ita. A teku yakan yi tafiyar kilomita masu yawa a yini, yana farauta cikin ayari. Babu kududdufin siminti da zai ba shi wannan sarari. Murmushin da ake gani a fuskarsa kuwa tsarin muƙamuƙinsa ne, haka yake ko yana cikin ciwo.

Inda aka samo shi ma abin tambaya ne. Yawancin waɗanda ke wuraren shaƙatawa na Amurka a tsare aka haife su. Amma a 2007 an ɗebo guda 28 daga tekun Tsibiran Solomon, aka kai su Dubai a jirgin sama. A garin Taiji na Japan masunta suna koro garken dolfin zuwa wani lungun teku daga watan Satumba, a zaɓi na sayarwa ga gidajen wasa, a yanka wasu. Fim ɗin The Cove na 2009, wanda ya ci kyautar Oscar, shi ya fito da wannan fili.

Masu wuraren suna da tasu hujjar. Suna cewa dabbobin na samun likitoci da abinci a kan kari, kuɗin tikiti na taimaka wa bincike da ceton dabbobin da teku ya jefo gaɓa, kuma yaron da ya ga dolfin ido da ido ya fi damuwa da kare teku. Ceton gaskiya ne, SeaWorld ta daɗe tana yi. Wata da'awar ce ba ta da tushe: cewa iyo da dolfin na warkar da yara masu lalurar galahanga. Marino da Scott Lilienfeld sun bi bincike-binciken da ake kafa hujja da su a 1998 da 2007, ba su sami gamsasshiyar shaida ba.

Hukumomi da dama sun riga sun yanke hukunci. Indiya ta hana buɗe gidajen wasan dolfin a 2013. Kanada ta haramta kamawa da kiwon sababbi a 2019, shekarar da shafin tafiye-tafiye na TripAdvisor ya ce zai daina sayar da tikitin wuraren da ke kiwo ko shigo da su. Faransa ta yi tata dokar a 2021, kuma gidan wasan Marineland da ke garin Antibes na ƙasar ya rufe a Janairun 2025. A jihar Arizona ta Amurka an rufe gidan wasan Dolphinaris a 2019 bayan huɗu daga cikin dolfin takwas sun mutu.

Mai son ganinsu a teku yana da zaɓi mai rahusa, kamar kwale-kwalen Kizimkazi a Zanzibar. Nan ma da sharaɗi, domin kwale-kwale masu bin garke a guje suna hana dabbobin hutawa. Wannan ne ya sa Amurka ta hana kusantar wani nau'in dolfin a Hawaii a 2021.

Ga wanda hoto ne burinsa kuma aljihunsa ya ɗauka, wurin shaƙatawa zai biya masa buƙata. Wanda kuwa ke son 'ya'yansa su san yadda dolfin ke rayuwa, kuɗin ya fi amfani a kwale-kwalen da ke tsayawa nesa da garke. Kafin ka biya ko'ina, tambayi inda aka samo dabbobin, mutum nawa ne a rukuni, da nawa za ka ƙara a kan hoto.