Daren da Zara ta zame wa matuƙi jirgin sama

A daren 13 wayewar 14 ga Janairun 2011 wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya taso daga Toronto zai tafi Zurik ta ƙasar Suwizalan. Suna tsakiyar tekun Atilantika, a tsayin ƙafa 35,000, mataimakin matuƙi ya ce wa kyaftin barci na fizgarsa, zai ɗan runtsa. Bai yi laifi ba, dokar kamfanin ta yarda matuƙi ɗaya ya yi gyangyaɗi a kujerarsa na minti 40, ɗayan yana gadi. Shi kuwa sai da ya kwashe minti 75, kyaftin bai tashe shi ba.

Ya farka kenan, kyaftin ya gaya masa akwai jirgin dakon kaya na sojan Amurka yana tahowa ta gabansu. Ya ɗaga ido ya hangi wani haske fes, ya ɗauka shi ne. Ashe Zara ce matar wata. Da fitilun jirgin na gaske suka bayyana, sai ya ga kamar daga sama yake gangaro musu, alhali yana ƙasa da su da ƙafa 1,000, a kan hanyarsa. Nan take ya danna sandar tuƙi gaba, jirgi ya kifa kai, suka zube ƙafa 400 wajen abin da yake gudu, kafin kyaftin ya fizgo shi sama. Fasinja 14 da ma'aikata 2 suka ji rauni.

Abin da ya kama shi kowa ya san shi, magagin barci ne. Wanda aka taɓa tasa tsakar dare ya miƙe yana laluben ƙofa a jikin bango ba sai an yi masa bayani ba. Saboda shi aka yanka minti 40, don kada barcin ya yi nauyi, aka kuma ce wanda ya farka ya dakata minti 15 kafin ya taɓa tuƙi. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Kanada ta gano cewa mutumin yana da ƙananan yara da ke katse masa barci a gida. Ba a cin bashin barci, kuma ya fi zuwa karɓar kayansa tsakanin ƙarfe 2 da 6 na asuba bisa agogon jikin mutum, daidai lokacin da jirage ke tsallaka teku daga Amurka ta Arewa zuwa Turai.

Mai kallo daga ƙasa zai ce ina abin tashin hankali a ƙafa 400, ga sarari iya ganinka. To, sararin a yanke yake hawa-hawa kamar bene. Daga ƙafa 29,000 zuwa 41,000, tazarar jirgin da ke sama da wanda ke ƙarƙashinsa ƙafa 1,000 ce, wato mita 300 da 'yan kai, ga kowanne yana gudun fiye da kilomita 800 a awa. Shi ya sa matuƙi ke maimaita wa jami'in kula da zirga-zirga duk tsayin da aka ba shi, abokinsa kuma ya duba da idonsa cewa lambar da aka murɗa wa na'ura ita ce aka faɗa.

Sai dai wanda idonsa biyu ma yana iya barin jirgi ba mai gadi. A ranar 29 ga Disamban 1972 jirgin Eastern Air Lines mai lamba 401 ya iso Mayami da dare. An sauke tayoyi, amma koren ƙwan da ke nuna tayar gaba ta kafu bai kama ba. Suka fasa sauka, suka koma ƙafa 2,000 a kan fadamar Everglades, suka bar wa na'ura tuƙi, suka dukufa kan ƙwan. Ɗaya na ƙoƙarin zaro shi, an tura injiniya ƙarƙashin ɗakin tuƙi ya leƙo tayar. Masu bincike sun fi kyautata zaton kyaftin ya ɗan bangaji sandar tuƙi garin juyawa, na'urar ta saki tsayin da take riƙe da shi. Jirgi ya riƙa sulalowa a hankali, ba wata, ba fitila a fadamar da za ta nuna musu ƙasa na matsowa. Ƙararrawar gargaɗi ta buga, ba alamar wani ya ji. Sai ana saura daƙiƙu mataimaki ya lura tsayinsu ya canza. Mutum 101 suka rasu. Tayar kuwa lafiyarta ƙalau, ƙwan ne ya mutu.

Ni dai ban ga sakarci a nan ba. Ƙwararru ne, kowannensu ya ɗauka wani na kallon ma'aunin tsayi, dukkansu kuma sun amince da na'urar da ba ta saba ba su kunya ba. Zama kana gadin abin da da wuya ya yi kuskure yana daga cikin ayyukan da suka fi yi wa ɗan Adam nauyi, balle da gajiya a ka. Irin wannan haɗari ne ya sa aka fara koya wa matuƙa raba aiki da baki: kai riƙe jirgi, ni in ji da matsalar. A 1981 kuma Amurka ta hana hira da duk abin da bai shafi tuƙi ba yayin tashi da sauka, ƙasa da ƙafa 10,000. Daga Janairun 2014 ta wajabta wa matuƙan jiragen fasinja hutun awa 10 kafin aiki, da damar barcin awa 8 a ciki.

Doka na iya ba matuƙi awannin, amma ba ta bin sa gida ta ga ko ya runtsa. A Janairun 2024 matuƙa biyu na wani jirgin Batik Air a Indunisiya suka yi barci tare na minti 28, jirgi ya kauce hanya kafin kyaftin ya farka. Mataimakin nasa tagwaye 'yan wata ɗaya ya baro a gida, shi ke taya matarsa raino da dare.