Biyan Kuɗin Wutar Lantarki Ta Hanyar Banki Kowane Wata

Tun zamanin Hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, magidanci a ƙasar nan ya saba da ɗaukar takardar kuɗin wuta ya nufi ofis, ya bi layi, ya biya, sa'an nan ya adana rasit saboda ranar da masu tsani za su zo yanka. NEPA ta zama PHCN a 2005, daga 2013 kuma aka fara miƙa aikin rarraba wuta ga kamfanoni 11, kamar na Kano, da na Kaduna, da na Jos, da na Yola. Hanyoyin biya sun yawaita tun daga lokacin. Ɗaya daga cikinsu ita ce cire kuɗin kai tsaye daga ajiyar mutum ta banki kowane wata, a inda kamfanin yankin ya tanadi haka.

Yadda abin yake shi ne, mai ajiya zai sa hannu sau ɗaya a takardar izini, ya yarda kamfanin wuta ya riƙa karɓar kuɗinsa daga ajiyar a ranar da aka tsayar. Daga nan ba sai ya sake taka ƙafa ba. Babban Bankin Nijeriya ne ya shimfiɗa ƙa'idojin wannan tsari, ya kuma sabunta su a 2018. Wajibi ne a bambanta shi da tsayayyen umarni, wato inda mai ajiya da kansa yake gaya wa bankinsa ya riƙa aika kuɗi kaza duk wata. A tsayayyen umarni linzami yana hannun mai kuɗi. A nan kuwa kamfani ne yake miƙo hannu, banki ya ba shi.

Izinin iri biyu ne. Akwai wanda adadin kuɗin ba ya sauyawa, akwai kuma wanda yake hawa da sauka gwargwadon abin da takardar wata ta nuna. Kuɗin wuta yawanci na biyun ne, don abin da gida ke sha da bazara, lokacin da fanka da firji ba su hutawa, ba daidai yake da na hunturu ba.

Amfanin a fili yake ga ma'aikaci mai albashi. Ba mantuwa, ba bashi mai taruwa, ba ba da kuɗi ga wani ɗan aike da zai dawo da rasit na jabu, kuma takardar bayanin ajiya ta banki shaida ce.

Amma hanyar ba ta dace da kowane gida ba. Mai mitar da ake sa wa kati ya riga ya biya kafin ya sha, ba shi da takardar wata da zai jira. Wanda ya kamata ya yi hattara ƙwarai shi ne gidan da ba shi da mita sam, wanda ake yi wa lissafi da ƙiyasi. Idan takarda ta zo da kuɗin da ya wuce hankali, mai biya da hannu yana iya tsayawa ya yi gardama kafin ya biya. Wanda ya ba da izini kuwa sai dai ya ga saƙon banki a wayarsa, kuɗi sun riga sun fita, ya koma bin sawu. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta sa iyaka ga irin wannan ƙiyasi a 2020, duk da haka abin da ya fi shi ne irin wannan gida ya nemi mita tukuna.

Farashi ma yakan sauya. A watan Afrilu na 2024 kuɗin yunit ɗaya ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, ya tashi zuwa naira 225, ninki uku da ɗoriya. Gidan da ke shan yunit 200, wanda a da kuɗinsa bai kai naira 14,000 ba, sai ga shi da naira 45,000, ban da haraji. Saboda haka lalle ne mai sa hannu ya nemi a rubuta iyakar abin da za a iya cirewa a wata, ya kuma zaɓi rana bayan shigar albashi, ba kafinsa ba. In ranar ta zo babu isassun kuɗi, banki yakan ci tara, bashin wutar kuma yana nan.

Mai ajiya yana da ikon soke izinin. Ya rubuta wa bankinsa da kamfanin duka biyu, ya riƙe kwafi, musamman in zai tashi daga gidan haya, don kada ya ci gaba da biya wa wanda ya gaje shi. Idan an cire abin da ya wuce ƙa'ida, ya sanar da banki nan da nan, ya kai ƙara sashen koke-koke na kamfanin. In ba a share masa hawaye ba, sai ya wuce zauren sauraron ƙararraki na NERC, ko kuwa hukumar lantarki ta jiharsa a jihohin da suka karɓi wannan aiki bayan Dokar Lantarki ta 2023.