Fahimtar Kusanci da Shaƙuwa a Zanen Surar Ɗan'adam

Gabatarwa

Zanen sura shi ne fitar da kamannin jikin mutum a bisa takarda ko ƙyalle ta amfani da fensir ko gawayi ko tawada ko fenti. Zane ba ya magana, amma mai lura yakan gane dangantakar da ke tsakanin waɗanda aka zana, domin Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska.

Alamomin Kusanci

Abubuwa uku ake dubawa: tazarar da ke tsakanin jikkuna, da inda aka ɗora hannu, da kuma inda ido ya dosa. A 1893 Mary Cassatt, 'yar Amurka mazauniyar Faransa, ta zana mace riƙe da yarinya a cinya. Hannu ɗaya ya zagaye ƙugun yarinyar, ɗayan yana wanke mata ƙafa a kwano. Ba su kalli juna ba, duk sun sunkuya suna duban ruwan. Haɗuwar hankalinsu a kan abu guda ita ta nuna shaƙuwar.

A 1903 kuwa Käthe Kollwitz ta Jamus ta zana uwa rungume da gawar ɗanta, ta kifa fuskarta a ƙirjinsa. Layukan sun cakuɗe har da wuya a ce ga inda jikin uwar ya ƙare, na ɗan ya fara. Ɗanta Peter, yana da shekara 7, shi ta kwatanta da shi. Ya mutu a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a Beljiyam a 1914.

Tasirin Al'ada

Waɗannan alamomi ba su da ma'ana ɗaya a ko'ina. A al'adar Bahaushe uwa takan yi kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane. Saboda haka tazara da sunkuyar da kai a zanen iyalin Hausawa na iya nufin kara da girmamawa, ba ƙiyayya ba.

Kammalawa

Malamin da ya kawo zane cikin aji don koyar da insha'i ya kamata ya fara sa ɗalibai su faɗi abin da suka gani, sannan su fassara shi, suna kafa hujja da hannu ko ido ko tazara. Idan ya tsallake wannan mataki, ɗalibi zai ɗora wa zanen labarin da ba nasa ba.