Ƙanƙarar da Teku Ke Ci Ta Ƙarƙashi

Duk mai sayar da zoɓo ya san wannan: ƙanƙarar da aka bari a faranti takan ɗan jima, wadda aka jefa cikin ruwa kuwa kafin a ce kwabo ta narke. Ruwa ya fi iska cin ƙanƙara. Abin da ke faruwa ke nan a Girinland, tsibirin da ke can ƙuryar arewacin duniya, a yankin Aktik.

A yammacin tsibirin, kusa da garin Ilulissat, akwai wani makeken kogin ƙanƙara da ake kira Jakobshavn. Kogi ne na gaske, sai dai daskararre, yana gangarowa a hankali daga tudu har ya tsoma baki a teku. A 1997 wani ruwa mai ɗan ɗumi daga Tekun Atlantika ya kutsa mashigin da yake. Cikin 'yan shekaru, dogon harshen kogin da ke iyo a kan ruwa ya wargaje. Da ya rasa wannan tokari sai ya ƙara gudu, har ya kai mita 46 a yini a 2012.

In an ce ɗumi, kada mai karatu ya zaci ruwan wanka. Digiri uku ko huɗu ne kawai, wanda ɗayanmu ba zai iya jure tsoma hannu ciki ba. Amma ya ishi ƙanƙara. Wannan ruwa ya fi na Aktik gishiri, saboda haka ya fi nauyi, sai ya nutse ya bi ta ƙasa, zurfin mita 200 ko fiye. Wanda ke cikin jirgi a sama sanyi kawai zai ji, alhali a ƙasa ana ta ɓarna. Lokacin zafi kuma ruwan da ya narke a saman ƙanƙarar yakan zurara ta ramuka ya fito ta gindinta. Da yake ba shi da gishiri, sai ya taso sama da ƙarfi, yana janyo mai ɗumin yana goga shi a jikinta. Kamar dai yadda rafi ke rarake gaɓa da damina: ya cinye ƙasan, saman ya rasa madogara ya rufto.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta zo ne daga binciken hukumar NASA. Wajen 2016 ruwan mashigin ya huce, sai Jakobshavn ya rage gudu, har ya ƙara kauri na 'yan shekaru. Masu musun ɗumamar yanayi sun yi murna, amma sun yi gaggawa. Abin da hakan ya nuna shi ne akalar ƙanƙarar tana hannun teku, kuma teku ne ke shanye fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin mai, gas da kwal ke tarewa a duniya.

Girinland na asarar ƙanƙara kimanin tan biliyan 270 a kowace shekara, duk tana komawa teku. Da za ta narke ƙaf, da ruwan teku ya tashi da mita 7. Wannan ba aikin shekara ɗari ba ne, amma tashin ya riga ya fara, kuma Legas, Kwatano da Akra duk a bakin Atlantika suke.