Ko Ka Sani? Kafar USB Ba Ta Cika Mutuwa Ba

Ga abin da yakan samu mai shagon tura waƙoƙi, wa'azi da fina-finai a gari irin Giyawa, a ƙaramar hukumar Goronyo. Da daddare laftof ɗinsa ya kama intanet, Windows ya sabunta kansa. Gari na wayewa wani ya miƙo waya, aka soka kebul, wayar ta nuna tana caji, amma kwamfuta ta yi biris da ita. Nan take sai a yanke hukunci: kafar ta ƙone, sai an kai Sakkwato. Ga kuɗin mota, ga asarar cinikin yini, ga hanyar da ba kullum ake binta da kwanciyar hankali ba.

Alhali sau da yawa kafar lafiyarta ƙalau.

Wanda ya haska tocila cikin kafar USB irin ta da zai ga 'yan haƙoran ƙarfe huɗu a jere. Biyu na gefe wuta suke ɗauka, bolt 5. Biyu na tsakiya su ke kai saƙo su kawo. Wutar ba ta jiran izinin kowa, shi ya sa waya take caji ko da komai ya dagule. Saƙo kuwa sai da wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda aikinta tamkar na tafinta ne tsakanin kwamfuta da abin da aka soka mata. Idan sabuntawa ta sauya tafintan da wanda bai jin yaren na'urar, magana ta tsaya, ƙarfe kuwa ko ƙwarzane bai samu ba.

Matsalar ta girmi yawancin masu shagunan nan. USB ya fito a 1996, aikin haɗin gwiwar kamfanoni bakwai, ciki har da Intel, IBM da Microsoft. A watan Afrilun 1998, a wani baje kolin kwamfuta a Cikago ta Amurka, an soka sikana a gaban Bill Gates don nuna bajintar Windows 98, sai kwamfutar ta sume a idon jama'a. A Agustan 2016 sabuntawar Windows 10 ta hana kyamarorin USB masu yawa aiki. A Oktoban 2025 wata sabuntawar Windows 11 ta kashe maus da kibod na USB a shafin da ake shiga don gyara, wato daidai inda aka fi bukatarsu, har sai da aka fito da gyara na gaggawa. Wadda ta fi kusa da kasuwanninmu ita ce ta 2014: kamfanin FTDI na Sikotland ya saki direba ta hanyar sabuntawar Windows, direban da ke lalata shaidar duk na'urar da ke ɗauke da jabun ƙwaƙwalwarsa. Jama'a suka yi ca, aka janye shi. Mai saye da bai san jabu aka sayar masa ba, shi ya sha wahalar, kuma wannan rashin adalci ne.

To me za a yi kafin a hau mota? A fara da waya. Tun Android 6 na 2015, waya kan tsaya a caji kawai sai an jawo saman allonta an zaɓi tura fayil. Sannan a sauya kebul, domin wasu masu arha ba su da wayoyin saƙo sam.

Idan ba nan ba ne, a sake tayar da kwamfutar da Restart, ba Shut down ba, saboda Windows yakan adana wani ɓangare na halin da yake ciki idan an kashe shi, ya farka da cutarsa. Daga nan sai Device Manager, shafin da Windows ke jera na'urorin da ke jikin kwamfuta. Duk abin da ke ɗauke da alamar ruwan ɗorawa, a cire shi a sake kunnawa, Windows zai girka shi da kansa. Akwai kuma maɓallin Roll Back Driver mai dawo da tsohon direba. In an ƙaura ne daga wani Windows zuwa sabo, kwana 10 kacal ake da su na komawa baya cikin sauƙi, don haka jinkiri yana da tsada.

Gwajin da ke raba gardama shi ne a soka kibod, a kunna kwamfuta, a shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar kanta, kafin Windows ya tashi. In maɓallan kibod ɗin da aka soka sun amsa a can, kafar tana da rai, laifin na manhaja ne. In ba su amsa a kowace kafa ba, sai a duba ƙura, domin hunturun Wurno, Rabah da Goronyo yakan cusa ta cikin kowane rami. A kashe na'urar, a hura, a share da tsinken sakace na itace a hankali. Ban da allura, don tana iya haɗa haƙoran wuta ta ƙona abin da lafiya lau yake. In an ga harshen robar ciki ya karye ko haƙori ya lanƙwashe, aikin ya zama na mai gyara.